Ɗis-ɗis: Jagora ga Maigidan da Bututunsa Ke Yoyo

Abu na farko da ya wajaba a kan maigidan da aka ce masa bututun ruwan gidansa yana ɗiga shi ne ya musanta. Kada ma ka tashi daga kan tabarma. Idan uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, wurin nan na bayan kicin fa kullum a jiƙe yake," ka ce yara ne suke ɓarin ruwa. Idan ta ce yara suna makaranta tun safe, ka ce raɓa ce. Raɓa a Gumel a watan Afrilu, lokacin da ko ƙadangare ba ya iya taka siminti da azahar, magana ce mai buƙatar ƙarfin hali, amma dama riƙon gida ba na rago ba ne. Ka faɗa, ka ƙara muryar rediyo.

Wannan musun yana iya kai ka wata guda lafiya lau, domin ƙasarmu tana da rufin asiri. Daga Maigatari zuwa Gagarawa, daga Gumel zuwa Sule Tankarkar, yawanci rairayi ne. Mutumin fadamar Haɗeja in bututunsa ya yi yoyo, kafin kwana biyu taɓo ya tona masa asiri. Mu kuwa ƙasa take shanyewa ta yi shiru, ba ta barin shaida sai ɗan duhu-duhu a gindin bango, wanda kana iya rufewa da tsohon buhu.

Mutumin Maigatari, da ya buɗe ido ya ga iyakar Nijar a ƙofar gida, bai kamata a yi masa dogon bayani a kan yoyo ba. Fasa-ƙwauri ne. Ruwan da ka sayi fetur ka tayar da janareta ka tura tanki, ko ka biya ɗan garuwa ya ɗura maka, ƙofa ɗaya doka ta yarda ya fita ta cikinta, ita ce bakin famfo, a gaban idonka, da izininka. Yoyo kuwa ta ɓarauniyar hanya yake bi, dare da rana, ba takarda ba hatimi. Tun zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, wanda ya mulki Jigawa daga 1999 zuwa 2007, aka keɓe fili a Maigatari don kasuwanci marar haraji. Kai ka buɗe naka a bayan banɗaki ba tare da neman lasisi ba. An rufe iyakar nan a Agustan 2019, ba a buɗe ba sai Disambar 2020. Aka sake rufewa a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar, sai a Maris ɗin 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren. Duk tsawon wannan lokaci ban ji labarin bututu ko ɗaya da ya daina ɗiga don biyayya ga umarnin Abuja ba.

Ka guji lissafi, don lissafi yana hana barci. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta riga ta yi shi: famfon da ke ɗiga sau ɗaya kowace daƙiƙa yana zubar da fiye da galan 3,000 a shekara, wato sama da lita 11,000. In ka raba da jarka mai cin lita 25, jarka sama da 400 ke nan, kullum guda da ɗoriya. Ka je ka tambayi ɗan garuwan unguwarku nawa zai caje ka in ya turo maka jarka 400 a cikin yashin nan, yana nishi, tayar kurarsa tana nutsewa. A'a, kada ka tambaye shi, na manta na ce ka guji lissafi. Amurkawan nan har mako guda suka ware a watan Maris na kowace shekara don gyaran yoyo kaɗai, su da ruwa ba ya yanke musu. Mu da kakanninmu suka ja guga a rijiyar da ba ka hango ruwanta sai rana ta take tsaka, mun fi ƙarfin wannan ƙanƙanta.

Ranar da musu ya ƙare, galibi ranar da surukarka ta zame a wurin ta kusa faɗuwa, sai ka miƙe da fuskar shugabanci ka ba da umarni a tara kwano. A nan akwai ilimi. Kada a sa kwanon silba ko tasa, domin da rana ba ka jin komai, amma da zarar gari ya yi tsit, misalin ƙarfe biyu na dare, sautin zai biyo ka har kan filo. Za ka fara ƙirgawa ba da niyya ba. Za ka gane cewa ba daidai yake ɗiga ba, wani lokaci yana jinkiri, kai kuma kana kwance kana jiran na gaba. A sa roba, a jefa tsumma a ciki. Wanda ya fi ƙwarewa yana ɗaura zare a daidai wurin ya saki jelarsa cikin bokiti, ruwan ya bi zaren ya sauka ba tare da ya ce uffan ba. Wannan dabara ce ta gaske, kuma ita ta fi kowacce haɗari, don daga ranar da ka daina jin yoyo ka daina tuna shi.

Sai ka naɗa wa bokitin wakili. Ƙaramin yaron gidan shi ya dace, don shi ne ba ya iya gardama. Aikinsa ya juye ruwan a randa safe da yamma. Zai yi kwana uku yana yi, a na huɗu ya manta, bokiti ya cika ya tumbatsa, kaji da agwagin maƙwabta su samu mashaya. In wani ya yi magana ka ce sadaka kake yi wa dabbobi. Amma kada ka faɗi haka a gaban liman, domin zai tuna maka cewa an hana almubazzaranci da ruwa ko a bakin kogi mutum yake alwala, kuma ba ka da amsa.

Bayan 'yan makonni wani abu kore zai ɓullo a wurin. Wataƙila tumatir ne daga ruwan wanke-wanke, ko kuɓewa, ko yakuwa. Wannan babbar dama ce. Ka kewaye shi da ƙaya, ka sanar a majalisa cewa ka shiga noman rani. A ƙasar da riɗi da zoɓo ke cika manyan motoci, ba wanda zai yi mamakin mutum ya fara da tushe ɗaya. In Allah ya yarda za ka girbi tumatir shida, akuya ta ci huɗu, biyun da suka rage kuma ba a taɓa noma masu tsadarsu ba a duk masarautar Gumel.

Idan uwargida ta ƙi yarda da harkar noma, to lokacin roba ya yi. Ka je wurin mai faci ka roƙi tsohon tif ɗin babur, ka sa reza ka yanko tsiri mai faɗin yatsu biyu, tsawon hannu ko fiye. Ka fara naɗi daga ƙasan wurin da kimanin tafin hannu. Ka ja robar sosai har ta sirance ta yi toka-toka, kowane zagaye ya hau rabin wanda ya gabace shi, ka wuce wurin yoyon da tafin hannu guda, sannan ka cusa jelar a ƙarƙashin zagayen ƙarshe. Yatsunka za su yi baƙi, babban yatsa zai yi zogi, amma in ka sa hannu ka shafa za ka ji a bushe. Ka kira mutanen gida su gani. Ka tsaya ka riƙe ƙugu. Ka cancanta.

Gaskiya robar nan tana aiki, shi ya sa ba ta da mutunci. An yi ta ne don ta riƙe maka zuwa jibi, kai kuma za ka ba ta aikin dindindin. Rana za ta gasa ta, hunturu ya busar da ita, ta tsattsage. Ranar da ɗigon ya dawo kada ka kwance tsohuwar, ka ɗora sabuwa a kai. Bayan ita leda, bayan leda igiyar buhu, bayan igiya wayar rediyo. Akwai gidajen da in an warware abin da ke jikin bututunsu za a iya sanin shekarar da kowane yaro ya shiga firamare.

A daidai nan ne ya kamata ka kai maganar majalisa bayan la'asar, inda kowa injiniya ne. Wani zai ce sabulun wanki, a cusa a ramin. Wani zai ce cingam, amma sai wanda aka tauna sosai. Mai shayi zai ce a kunna wa leda wuta a bar ta ta ɗiɗɗiga a wurin. Ɗan acaɓa zai rantse da sufa gulu da yashi, don da shi ya like fitilar babur ɗinsa. Wani dattijo zai kawo shawarar ƙaro, tunda Allah ya hore mana shi a Jigawa, kuma saboda girmansa ba wanda zai tuna masa cewa ƙaro a ruwa ake jiƙa shi ya narke. Ka gwada duka, ɗaya bayan ɗaya, don kada wani ya ga ka raina shi. Wanda ya fi kusa da gaskiya shi ne mai cewa a sayo gam ɗin bututu a shafa a kai, shi ma kuma bai dace ba. Gam ɗin nan ba liƙi yake yi daga waje ba. Narkar da fatar roba yake yi, ta bututu da ta soket, su haɗu su zama abu ɗaya, kuma sai a busasshen wuri mai tsabta. In ka lafta shi a kan jiƙaƙƙen bututu mai ƙura, ka yi masa kwalliya ne kawai, ruwa zai sami hanyarsa kafin magariba.

Idan gidan haya kake, aikinka ya yi sauƙi. Ka ce na mai gida ne, shi ya ce na mai amfani ne, ku ci gaba da gaisawa a masallaci.

Mai gyaran famfo shi ne mataki na kusa da ƙarshe, kuma akwai ladubban kiransa. Kada ka kira ranar Alhamis, don kasuwar Maigatari ke ci, kuma ranar duk wanda ke da ƙafa a ƙasar nan yana can tsakanin raƙuma da shanu, ko yana saye, ko yana dillanci, ko yana kallon masu yi. Juma'a kuwa ka san Juma'a. Ran Asabar zai ce, "Ga ni nan tafe, Alhaji," wanda ke nufin ya ji saƙonka. In ya iso zai tsuguna, ya daɗe yana kallon tarin robar nan, ya ja tsaki, ya ce, "Alhaji, wa ya yi maka wannan aikin?" Ka ce wani yaro ne. Kada ka kalli uwargida lokacin da kake faɗa. Daga nan zai nemi kuɗin kaya, ya nemi aron wuƙa, ya tura yaronsa kasuwa, yaron ya dawo da soket mai inci guda alhali bututunka rabin inci ne. Ban ce duk haka suke ba. Akwai masu aiki tsakani da Allah, da jakar kayan aikinsu da zartonsu, amma ka san su ka tsallake, saboda wancan ya rage maka ɗari biyar. Araha dai ba ta ado.

To, akwai wasu mutane marasa haƙuri da ba sa son bin duk waɗannan matakai, suna so a gyara abin yau a wuce wurin. Ban goyi bayansu ba, don suna kashe wa majalisa hira, amma ga yadda suke yi.

Suna fara rufe makunnin da ke ƙarƙashin tanki, su buɗe famfon da ya fi kowanne ƙasa a gidan har ruwan cikin bututu ya tsiyaye. In ka duba ka ga tankinka ba shi da makunni sam, to ka gano aikin da ya fi yoyon gaggawa. Kafin su rufe, sukan goge bututun tas da tsumma, su naɗa masa takarda, su ga inda ta fara jiƙewa. Dalili shi ne ruwa maƙaryaci ne: yakan fito daga gaɓar da ke sama, ya bi jikin bututu a hankali, ya je ya ɗiga a wani wuri da ba ruwansa. Mutane da yawa sun shekara suna ɗaure wurin da ba shi da laifi.

In daga bakin famfo yake ɗiga bayan an rufe, 'yar robar ciki ce ta cinye, wadda ake kira washa. Sifana ɗaya ke kwance kan, a canza ta, ko a sayi sabon kan famfo gaba ɗaya. Murɗe shi da ƙarfin tsiya, yadda ake yi a yawancin gidaje har sai an sa hannu biyu, ƙara cinye ta yake yi. In kuma daga wurin da aka ɗaura mai zare ne, sai a kwance, a kankare tsohon tef, a naɗa sabon farin tef ɗin nan na masu famfo, zagaye da yawa, ta ɓangaren da ake murɗawa in za a ɗaure, don kada ya warware yayin shiga. A ɗaure da hannu, a ƙara kaɗan da sifana, a tsaya. Wanda ya ce bari in ƙara ɗaya don tabbatarwa, shi ne ke jin ƙas, soket ɗin roba ya tsage, yoyo ya zama ambaliya.

In bututun roba ne ya tsage, ko gaɓar da aka haɗa da gam ta saki, ba lallashi. A sa zarto a yanke wurin, yanka miƙaƙƙe, a kankare bakin, a goge da samfefa, a tabbatar ya bushe ƙamas. A shafa gam a wajen bututu da cikin soket, a tura har ƙarshe tare da ɗan murɗawa, a riƙe kimanin rabin minti don kada ya turo kansa waje. Sannan a yi abin da ya fi wahala a duk aikin, wato a bar shi ya kama. Gwangwanin gam yana ɗauke da bayanin tsawon lokacin da za a jira kafin a saki ruwa. A karanta, ko a sa ɗan makaranta ya karanta. Koren bututun nan na zamani shi ba ya jin gam ko kaɗan, da injin zafi ake narka bakinsa a haɗa, don haka sai mai gyara da wuta ko janareta. Tsohon bututun ƙarfe kuwa, in tsatsa ta huda shi wuri ɗaya, ka sani ta ci sauran daga ciki. Kada ka kama shi da kokawa. Roba ta riƙe shi kafin ka tara kuɗin canza layin.

Waɗannan marasa haƙurin har da rigakafi suke yi. Bututun robar da ke kwance a rana suna binne shi, ko su shafa masa fenti, domin ranar ƙasar nan tana ƙona shi ya yi gautsi, akuya ta taka ya fashe. Kuma lokaci-lokaci sukan cika tanki da daddare, su yi alama a daidai inda ruwa ya tsaya, su hana kowa taɓa famfo, da asuba su hau su duba. In ruwa ya sauka alhali ba wanda ya buɗe, to akwai yoyo a ƙarƙashin ƙasa ko cikin bango, kuma rairayi yana can yana rufa masa asiri.

Wannan na ɓoye shi ne wanda ko ni ba na wasa da shi. Danshi a gindin katangar ƙasa yana cin ta a hankali, ta tsaya ƙyam duk rani, ruwan Agusta na farko mai ƙarfi ya kwantar da ita, wani lokaci a kan mutane. Gara tana bin danshi ta hau azara da ƙyaure. Sauro ba ya buƙatar tafki, ɗan ruwan da ya kwanta a gindin bokiti ya ishe shi, kuma a lokacin zafi cikin mako guda zuwa kwana goma ƙwai ya zama mai cizo. In bangon da ke jiƙewa akwai wayar wuta a cikinsa, a kashe wutar kafin kowa ya taɓa. Mafi muni, ramin da ruwa ke fita ta cikinsa in bututu ya cika, ta nan ƙazanta ke shiga in ruwa ya ɗauke. Bututun da ya ratsa kwata ko ya bi ta kusa da masai yana iya zuƙo abin da ke wurin ya kawo maka har randa, daga nan sai taifot ko amai da gudawa. Kuɗin ƙarin ruwa leda ɗaya a asibiti ya sayi tef da soket da gam har da canji.

Saboda haka, maigida, zaɓi naka ne. In kana son hira da tumatir, ka bi matakan farko a jere, za su kai ka baɗi. In kuwa uwargida ta riga ta karanta wannan shafi kafin kai, to ran Alhamis in ka shiga kasuwa, kafin ka tsaya taya ragon da ba saya za ka yi ba, ka biya ta rumfar masu kayan famfo. Ka tafi da guntun tsohon bututun a aljihu don kada a ba ka wanda ba girmansa ba, kuma ka rufe makunnin tanki kafin ka fita.